Haihuwa da Kanki Bayan Tiyata

'Yar'uwa ta Lambara, don an taɓa yi miki tiyata, ba dole kowane ciki sai an yanka ba. Kusan mata 3 cikin 4 da suka gwada suna haihuwa da kansu, musamman in yankan mahaifar a kwance yake, kuma tazarar haihuwa ta kai wata 18. Likita ne zai tantance.

Amma fa ba a gida ba. Tsohon ɗinkin mahaifa kan ɓarke, ga kusan mace 1 cikin 200, kuma ba ya jira. Ki guji allurar naƙuda ta kemis da jiƙe-jiƙe. Ki fara awo da wuri, ki haihu inda akwai ɗakin tiyata da jini, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Maigida, a tanadi mota da mai ba da jini kafin watan haihuwa ya kama.