Darasi Daga Kafanchan: Tsarin Gari da Abin Hawan Jama'a

Duk wanda ya san Kafanchan ya san jirgin ƙasa ne ya raya ta. Mutanen Fantswam suna zaune a wannan ƙasa tun da daɗewa, amma a shekarar 1927, sa'ad da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya sadu da na Kaduna a nan, aka kuma ja reshe zuwa Jos, sai wurin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kudu da Arewa, har a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta ƙaura zuwa garin.

Abin da muke so mai karatu ya lura da shi, shi ne yadda garin ya zauna. Gidaje da wuraren ciniki sun taru ne kewaye da tasha. Mutum yakan taka da ƙafa ko ya hau keke zuwa wurin aikinsa, in kuwa tafiya mai nisa ce, ga jirgi. Kada dai a ɗauka jiragen wancan zamani ba su da hayaƙi, ai kwal ɗin Inugu suke ci. Amma kan jirgi guda yakan ja kaya da mutanen da manyan motoci da yawa ba su iya kwashewa.

Da harkar reluwe ta ja baya, musamman daga shekarun 1980, sai kome ya koma kan titi. Cittar Kwoi da Kachia ta koma bayan manyan motoci. Sababbin gidaje suka bi bakin hanyoyin Kagoro da Zonkwa da Kwoi, kowa inda ya sami fili da araha. Wanda ya yi gini nesa da kasuwa da makaranta da asibiti kuwa, ya ɗora wa iyalinsa kuɗin acaɓa na kullum, ko ya sani ko bai sani ba. An ji nauyin wannan sosai bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023.

To, ina ruwan wannan da yanayi? Lita ɗaya ta fetur, in ta ƙone, tana sakin fiye da kilo 2 na iskar kabon. Wani zai yi mamaki, tun da ita kanta litar ba ta kai kilo ɗaya ba. Dalili shi ne, kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa, nauyinsa ya ƙaru. Wannan iska ce take taruwa a sama tana riƙe zafin rana, har damina ta rikice wa manomi. Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa kafin 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take iya shafewa ba, ta kuma kafa Dokar Sauyin Yanayi a wannan shekara. Alkawari irin wannan ba ya cika sai garuruwa sun rage man da suke ƙonawa.

Sayo motocin safa kaɗai ba ya wadatarwa. Safa ba ta riba sai ta cika, ba ta kuwa cika sai mutane suna zaune kusa da inda take tsayawa. Wannan ne birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ya gane a 1974: aka keɓe wa safa hanyarta, aka kuma ba da izinin dogayen gine-gine a gefen hanyar. Legas ta buɗe tata keɓaɓɓiyar hanyar safa a 2008. Kafanchan ba ta kai girman waɗannan ba, wannan kuwa sa'a ce, domin gyaran ƙaramin gari ya fi sauƙi. Ga ɗalibai da ma'aikata suna zirga-zirga tsakaninta da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, watau fasinjan safa yana nan a shirye.

A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa Kafanchan. Saboda haka wajibi ne a tsare filayen reluwe, kada kowa ya saya ko ya yi gini a cikinsu. Masu rabon filaye su fara cike guraben da ke cikin gari kafin su yanka gonaki a bayansa, su bar wa masu tafiya a ƙasa da masu keke hanya mai inuwar itatuwa. Mai neman fuloti kuma, kafin ya biya, ya taka da ƙafarsa daga wurin zuwa tashar mota mafi kusa, ya ƙirga mintocin da ya ci.