Tausayin Shugaba Ga Waɗanda Ke Ƙarƙashinsa

Mu da a ke koya wa aikin malanta, da wuya wani daga cikinmu ya gama aikinsa na duniya ba a ɗora shi bisa waɗansu ba. Wani za a ba shi aji, wani za a ba shi makaranta ɗungum, da ƙananan malamai da masinja da mai shara. Ranar da aka yi haka, abincin mutane da mutuncinsu sun shiga hannunsa. Don haka ya kamata tun yanzu mu tsaya mu duba yadda a ke riƙon mutane da tausayi, ba tare da aiki ya lalace ba.

Bari mu fara da wata shari'a wadda Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 ta Hijira, ya kawo cikin Muwaɗɗa. A zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya riƙe halifanci daga 634 zuwa 644, waɗansu bayi na gidan Haɗibu suka saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina, suka yanka. Aka kai ƙara. Da fari Umar ya ba da umurni a yanke hannuwansu. Sa'an nan ya sake tunani, ya juya kan ubangidansu, ya ce yana zaton yunwa ya ke barinsu da ita. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, shi kuwa ya ce ko an taya ta dirhami 400 ba ya sallamawa. Umar ya sa ubangidan bayin ya biya 800. A waɗansu ruwayoyi an bayyana cewa ya janye hukuncin yankan. Imamu Malik ya ce ninka kuɗin nan ba shi ne aikin mutanen Madina ba, amma mu ba fiƙihun tara mu ke nema a nan ba, halin shugaban mu ke dubawa.

Abu na fari, Umar bai tsaya ga laifin kaɗai ba, ya nemi mafarinsa. Sata kam an yi ta, ba wanda ya musa. Amma da ya bi sawu sai ya tarar da yunwa, da ya bi sawun yunwa sai ya tarar da mai gida. Haka ya ke a makaranta. In ƙaramin malami ya shiga makara kullum, ko yaro ya riƙa gyangyaɗi cikin aji, abu mafi sauƙi shi ne tsawa. Amma watakila malamin nan matarsa ce ke kwance ba mai jinya, yaron kuwa tun asuba ya ke ɗiban ruwa, bai karya kumallo ba. Tsawa ba ta warkar da mai ciwo, ba ta kuma cika ciki. Sai a kira mutum gefe, a tambaye shi a hankali, kafin a yanke magana.

Abu na biyu, Umar bai ji kunyar komawa kan umurninsa ba, ko da ya ke ya riga ya furta shi gaban jama'a. Sabon shugaba ya kan ji tsoron a ce ya yi magana biyu, sai ya dage kan hukuncin da zuciyarsa ta riga ta gaya masa akwai zalunci ciki. Wanda ya yi haka ya sayi kwarjinin yini ɗaya da amanar shekaru.

Abu na uku, wanda mu ke so a fi lura da shi, mai taguwa bai tafi hannu banza ba. Tausayin da aka yi wa bayi ba a cire shi daga haƙƙin wani ba. Nan ne tausayi ya rabu da sakaci. In babban malami ya ƙyale rago yana fashin aji don yana jin nauyinsa, ya tausaya wa mutum ɗaya, ya cuci yara arba'in da iyayensu. Wanda uzurinsa na gaskiya ne a taimake shi, a canja masa lokacin darasi, ko a raba kayansa har ya miƙe. Wanda kuwa lalaci ne kurum, a gaya masa gaskiya tsakaninka da shi, a sa masa wa'adi. Wannan ma tausayi ne, gama ya fi a yi shiru har ranar da za a kore shi.

Za a sami mai cewa, ai in ka yi wa na ƙasa sauƙi raini za ya biyo baya, aiki kuwa ya tsaya. To, ga labarin wani Bature, Robert Owen, wanda ya karɓi riƙon masaƙar auduga ta New Lanark, a ƙasar Sikotlan, cikin 1800. Ya tarar da ma'aikata cikin ƙunci, ana sa ƙananan yara aiki mai tsanani. Ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 10 ba, ya sa kantin wurin ya riƙa sayar da kaya masu kyau da araha, cikin 1816 kuma ya buɗe makaranta. Da fari mutanen ba su yarda da shi ba, suna cewa baƙo ne, wata dabara ce ta ƙara matse su. Sai aka shiga wani lokaci da auduga ta yanke daga Amurka, injuna suka tsaya har wata 4. Owen bai sallami kowa ba, ya biya su cikakken albashinsu. Daga nan suka sakankance da shi, masaƙar kuwa ta ci gaba da kawo riba. Mutanenmu sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Labarin nan ya nuna mana kuma cewa ba da baki a ke gane tausayin shugaba ba, sai ranar tsanani. A shekarar yunwa, watau ta 18 ta Hijira, Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama muddin talakawa ba su samu ba, ya zauna kan gurasa da man zaitun har launinsa ya sake. Babban malamin da albashi ya yi jinkiri, ya tashi ya bi wa malamansa haƙƙinsu kafin nasa, ba ya bukatar ya roƙe su biyayya.

Madubin duk wannan shi ne Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10, ya kuma ba da shaida cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Ya hori masu barori su ciyar da su daga abin da su ke ci, kada su ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa sun ɗora, su kama musu.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu jira sai an ba mu makaranta. Yau ma akwai na ƙasa da mu: yaran da mu ke gwajin koyarwa a kansu, da masu dafa mana abinci, da masu share mana ɗakuna. Mu san sunayensu, mu gaishe su, in sun yi kuskure mu tambayi dalili kafin mu ɗaga murya. An ce babba juji ne, kuma wanda bai saba ɗaukar ƙaramar shara ba, ba za ya iya da babba ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.