Wasan 'Yan Tsana a Dandalin Zamani

Mutane da yawa, in aka ambaci 'yar tsana, ba abin da ke faɗo musu a rai sai ta kara ko ta tsumma wadda yarinya ke goyawa a tsakar gida, alhali kuwa a ƙasashe da dama akwai magidanta waɗanda da ita suke ci da iyalinsu, suna ƙera surar mutum ko ta dabba, su motsa ta gaban jama'a har ta ba da labari, a kuma biya kuɗi kafin a shiga kallo. Al'amarin ba baƙo ba ne gare mu, gama dattawan ƙasar Hausa da na Barno sun san mai dabo wanda kan shige ƙarƙashin babbar riga, ya sa 'yan mutanensa a hannu ya ɗaga, ya sauya murya, su yi ta faɗa da sulhu, yara na shewa. Mutanen Tibi na Binuwai su ma suna da nasu, Kwagh-hir, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya a 2019. Hukuncin sassaƙa surar mai rai magana ce ta malaman fiƙihu, a wurinsu ake nemansa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sanin yadda sana'ar take.

Ana rarrabe 'yan tsanan wasa bisa ga inda hannun mai motsa su yake. Akwai wadda ake zura hannu cikinta, irin ta mai dabo. Akwai wadda ake ratayewa da zare a sarrafa ta daga sama, da kuma wadda ake tokarewa da sanda daga ƙasa. Amma wadda ta fi daɗewa a ƙasashen Musulmi ita ce ta inuwa, wato a yanka sura a jikin fata, a riƙe ta tsakanin fitila da farin zane, masu kallo su zauna ta ɗaya gefen suna ganin inuwarta. Wani likitan ido haifaffen Mausil mai suna Ibn Daniyal, wanda ya zauna Alkahira zamanin Mamluk ya rasu a 1310, ya rubuta wasanni uku domin irin wannan, kuma suna nan har yau. A tsibirin Jawa na Indunusiya mutum guda ne, da ake kira dalang, yake kwana zaune bayan zane yana motsa surorin fatar ɓauna, shi ne muryar sarki, shi ne ta bawa, shi ne kuma mai ba makaɗa umarni, tun bayan lisha har asuba.

A yawancin waɗannan ana ɓoye mai wasan. Mutanen Japan suka saɓa wa wannan ƙa'ida a wasansu na Bunraku, wanda cibiyarsa ke birnin Osaka, inda mutum uku kan tsaya a fili su riƙe 'yar tsana guda: babbansu yana da kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, ƙaramin kuwa ƙafafu, ga mai ba da labari a gefe tare da mai kaɗa wani irin molo mai tsirkiya uku. A al'adarsu almajiri yakan yi kamar shekara goma a kan ƙafafu, ya ƙara wata goma a hannun hagu, sa'an nan a yarda ya taɓa kai. Daga wannan hanya masu shirya wasan kwaikwayo na zamani suka ɗebi ilmi mai yawa, domin sun gane cewa idan gwaninta ta kai gwaninta, ɗan kallo da kansa zai manta da mutanen da ke tsaye, idonsa ya koma kan abin da suke riƙe da shi.

Babbar shaida a kan haka ta fito ne daga Afirka. A 1981 Adrian Kohler da Basil Jones tare da abokansu suka kafa ƙungiyar Handspring a Cape Town ta Afirka ta Kudu, a 2004 kuma suka haɗa hannu da ƙungiyar Sogolon ta Yaya Coulibaly daga Mali, mutumin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, suka yi wasa a kan wani raƙumin dawa da aka kama a Sudan, Muhammadu Ali mai mulkin Masar ya aika wa Sarkin Faransa kyauta, aka kora shi a ƙafa daga Marseille har Faris a 1827. Bayan shekara uku, a 2007, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan ya fito da War Horse, labarin wani doki mai suna Joey da aka raba da yaron da ya rene shi aka kai shi Yaƙin Duniya na Ɗaya, su Kohler ne kuwa suka ƙera dawakin.

Ya kamata mu tsaya a kan dokin nan, saboda hikimar da ke cikinsa. Da kwagiri aka yi haƙarƙarinsa, aka jiƙa aka lanƙwasa aka ɗaure, aka lulluɓe da yadi shara-shara wanda haske ke ratsawa, aka sa masa gadon baya na ƙarfe marar nauyi wanda ke iya ɗaukar mahayi. Mutum uku ke aiki da shi, kamar dai na Japan. Na farko yana tsaye a waje riƙe da kai, yana motsa kunnuwa da wata 'yar na'ura irin ta birkin keke. Na biyu yana ciki wajen ƙirji, ƙafafun gaba da numfashi na hannunsa. Na uku yana baya da ƙafafun baya da wutsiya. Ba mai ce wa wani kanzil, ba kuma mai ba da umarni, sai dai kowa ya saurari numfashin ɗan'uwansa, in za a yi haniniya su haɗa murya su uku, tun da huhun mutum ɗaya bai kai na doki ba. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san cewa a kunne ake gane halinsa, in ya miƙe su gaba yana sauraro ne, in ya kwantar da su baya a yi hattara da shi, kuma a kan wannan ilmi na barga aka gina wasan. A ganina wannan ya fi ɓuya wuya nesa ba kusa ba, gama mai ɓuya yana da zane da zai rufa masa asiri, wanda ke fili kuwa ba shi da madogara sai gwanintarsa.

Tun daga nan, har ma kafin nan, ƙofa ta buɗe. A 1997 Julie Taymor ta shirya The Lion King a New York, ta ɗora wa 'yan wasa fuskar zaki bisa kai ba tare da ta rufe tasu ba, ta gauraya sanda da inuwa da dogayen ƙafafun itace a wasa ɗaya. A 2022 aka ba mutum bakwai masu motsa damisar wasan Life of Pi lambar yabo ta Olivier, wadda a da ɗan wasa guda ke karɓa. Wata 'yar tsanar ma ta bar dandali ɗungum: Amal, surar yarinya 'yar gudun hijira daga Siriya mai tsawon mita uku da rabi, wadda Handspring suka ƙera, aka yi tafiya da ita a 2021 daga Gaziantep ta Turkiyya zuwa Manchester ta Ingila, kimanin kilomita 8,000, jama'a na fitowa taryarta gari-gari.

Wanda ke sha'awar jarrabawa, musamman malamin makaranta ko mai koyar da tsabta a ƙauye, ya fara da ta inuwa, don ita ce mafi sauƙin kuɗi. Ya sami farin zane ya ɗaure tsakanin sanduna biyu, ya ajiye fitila guda ɗaya tak a bayansa, domin fitila biyu inuwa biyu suke bayarwa, ya yanka surorinsa a kwali, ya raba hannu da gangar jiki ya haɗa su da zare a kafaɗa, ya ɗaura wa kowane tsinke. In ya manna surar a jikin zanen inuwa za ta fito sarai, in ya ja ta wajen fitila sai ta girma ta dushe, da haka ake nuna zuwan aljani ko tafiyar baƙo. Kada ya riƙa girgiza ta ba dalili, mai magana kaɗai ke motsi, sauran su tsaya cik har zance ya zo kansu.