Darasi: In Inji Ya Rasa Ƙarfi Farat Ɗaya

'Yan uwa fatake, da yawanmu da tsohuwar Peugeot 504 muke kai tumaki kasuwa. Akan wayi gari inji yana juyawa sakayau ya ƙi tashi, ko ya tashi yana rawa babu ƙarfi. Sau da yawa iskar da fistan ke matsewa cikin silinda ce ke zurarewa.

Mu sani, zoben fistan a hankali yake cinyewa, da hayaƙi da shan baƙin mai. Abin da ya zo farat ɗaya, dalilinsa daban ne. Saboda haka kada mu yarda a sauke inji sai an auna.

A kwance buji duka 4, a taka totur ƙasa, bakanike ya sa ma'auni a kowane rami a yi sitata.

In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ne ya ƙone tsakaninsu, galibi bayan mota ta yi zafi. In duka 4 suka faɗi, a duba sarƙar taimin, wataƙila ta tsallake haƙori. In ɗaya ce kawai, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In awon ya tashi, zobe ne. In bai motsa ba, bawul ne, ko ya ƙone ko an ɗaure shi ainun.

Awon minti kaɗan ne, sauke inji kuwa kuɗin rago nawa? Allah ya kiyaye hanya, amin.