Kafin ka sayi kwanturolar sola: shawarwari ga magidantan Miga

A Miga da ƙauyukanta, magidanci kan zuba kuɗinsa a farantin sola da batir, in an zo kan kwanturola kuma sai ya tsuke hannu. Alhali wannan ɗan akwatin ne ke tsare batir daga cikar da ta wuce kima.

1. Iri biyu ne a kasuwa, PWM da MPPT. In farantinka ƙarami ne, wat 100 zuwa 150, batirin kuma mai bolt 12, aikinsa ƙwan fitila da fanka da cajin waya, PWM ta ishe ka.

2. Babban faranti sai MPPT, kuma nan aka fi tafka asara. Faranti mai wat 550 yana fitar da wajen bolt 41 da am 13. PWM ba ta iya juya rarar bolt, sai ta janyo shi ƙasa daidai da batirin, in batirin mai bolt 12 ne ka tashi da wat 180 kacal. Kuɗin buhu uku ka biya, ka koma gida da ɗaya. MPPT kuwa tana mayar da rarar ta zama caji.

3. Don sanin girman MPPT ɗin da za ka saya, raba wat ɗin faranti da bolt ɗin batir. In batirin mai bolt 24 ne, 550 a kan 24 ya ba da am 23, don haka mai am 30 za ka nema.

4. Jabu ta yi yawa, har a manyan kasuwannin Kano. Ɗaga kwanturolar ka ji. MPPT ta gaskiya tana da nauyi saboda naɗin tagullar da ke cikinta. In ka ji ta sakayau kamar akwatin ashana, ga arha, PWM ce aka sauya wa suna.

5. Batirin litiyam da mai ruwa ba cajinsu ɗaya ba. Sa mai haɗawa ya saita kwanturolar a gabanka.

6. Batir ake fara jonawa, sannan faranti. Inbata kuma kai tsaye daga batir, da fiyus.

7. Kafa kwanturolar sama a bango, inda iska ke shiga, nesa da zafin kwano. Wanda ya ga ambaliyar kogin Haɗejia ta 2022 ya san inda ruwa ke kaiwa a ɗaki. Batirin ma a ɗora shi kan dakali.