Darasi: Tarin Yaro da Ya Ƙi Ƙarewa

Cikin huhu akwai ƙananan hanyoyin iska, kamar rassan itace. In ciwo ya daɗe a cikinsu, sai su saki su yi faɗi, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

Me ke kawo wannan? Ciwon huhu mai tsanani, ƙyanda, tarin shiƙa, tarin fuka, ko ƙwayar gujiya da ta sarƙe yaro ta maƙale a ciki. Hayaƙin murhu kuma yana ƙara ɓarna.

Iyaye, ku lura da waɗannan alamu:

1. Tari mai kaki kullum, fiye da sati 4.
2. Ciwon huhu mai tafiya yana dawowa.
3. Rama da saurin gajiya.
4. Kan yatsu ya yi kauri.

Ƙaramin yaro ba ya tofar da kaki, haɗiyewa yake yi. Ku saurari tarinsa, musamman da safe.

Kada ku ce sanyi ne kawai. Ku kawo shi asibiti a auna kaki, a ɗauki hoton ƙirji. In an gano da wuri, hanyoyin na iya warkewa. In an makara, yaro zai girma da ciwon. Ku tabbata kowane yaro ya cika alluran rigakafinsa.