Darasin Wannan Mako: Ummu Sulaim, Matar Abu Ɗalha, Uwar Anas, Kakar Malamai

Idan tsohuwa ta rasu a cikinmu, ko labari ya zo daga gida cewa an yi rashi, kalmar da ta fi yawo a wurin zaman makoki ita ce "mai haƙuri ce". Daga nan sai a koma lissafin 'ya'yanta maza, wane yana da shago a Legas, wane yana harkar shanu. Ita kanta, da wahalar da ta sha kafin su zama mutane, ba a cika tsayawa a kai ba. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin wata sahabiya wadda aka adana labarinta tun daga aurenta har zuwa jikokinta, domin mu ga yadda magabata suke tuna mace.

Ita ce Ummu Sulaim 'yar Milhan, Allah ya ƙara mata yarda, mutuniyar Madina daga Banu Najjar. Ana kiranta Rumaisa'u, wasu su ce Gumaisa'u. Mijinta na farko Malik ɗan Nadr ne, shi ne mahaifin Anas. Ta musulunta da wuri, shi kuwa ya ƙi. Tana koya wa ƙaramin Anas kalmar shahada, uban yana faɗa wai tana lalata masa yaro. A ƙarshe ya yi fushi ya tafi wajen Sham, can ya mutu, ya bar ta da maraya.

Sai Abu Ɗalha ya fito neman aurenta. Mutum ne mai dukiya, yana cikin waɗanda suka fi yawan gonakin dabino a Madina, amma a lokacin bai musulunta ba. Ta nuna masa cewa irinsa ba a ƙin sa, sai dai ita musulma ce, shi kuma yana bauta wa icen da masassaƙi ya sassaƙa. In ya musulunta, musuluncin nasa ya ishe ta sadaki. Ya musulunta, aka ɗaura. Nasa'i ya kawo wannan labari. A nan fa sai na ja hankalin samari, don akwai masu ɗauko wannan ƙissa su ce ai sahabiya ma ba ta karɓi komai ba. Ita ce ta zaɓa da bakinta, ba wanda ya zaɓa mata. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari ko dirhami 3, kuma haƙƙin matar ne. Abin dubawa a nan shi ne, bazawara mai maraya a hannu, ga attajiri ya zo ƙofarta, amma ta fara tambayar addininsa kafin gonarsa.

Da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa Madina, Anas yana ɗan shekara 10. Ta kamo hannunsa ta kai shi ya yi wa Annabi hidima, ya kuwa shekara 10 yana yi. Ta kuma roƙa masa addu'a, Annabi ya roƙi Allah ya yawaita masa dukiya da 'ya'ya, ya sa albarka a ciki. Anas ya rayu ya tsufa tukuf, zuriyarsa ta haura 100, kuma yana cikin sahabban da suka fi kowa yawan ruwaito hadisi. Duk wannan ya faro ne daga shawarar uwa game da inda ɗanta zai yini.

To mu a nan, ina yaranmu suke yini? Da yawanmu tun asuba mun fita, wani tashar mota, wani kasuwar albasa, wani kara, sai bayan isha'i. Wasu kuma iyalin ma suna arewa, sai sallah ake ganin juna. Ko a can ko a nan, matar ce ke tsaye a kan wanda ya je Islamiyya da wanda ya maƙale a gidan kallon ƙwallo. Yaron da ka gani ya iya alwala, ya iya gaida manya da Hausa alhali a makaranta Turanci da yaren gari yake ji, to wata ce ta yi wannan aikin, ba kuɗin da aka turo ta waya kaɗai ba.

Labarinta da ya fi shahara shi ne na rasuwar ɗanta, yana cikin Buhari da Muslim. Suna da yaro ƙarami da Abu Ɗalha, ya yi rashin lafiya, ya cika uban ba ya gida. Ta shirya shi, ta rufe shi a gefen ɗaki, ta hana mutanen gidan su faɗa wa uban, ta ce ita za ta faɗa. Da ya dawo ya tambayi jikin yaro, ta amsa da cewa ya samu natsuwa fiye da da. Ba ƙarya ta yi ba, shi ne ya fahimta da cewa an samu sauƙi. Ta kawo masa abinci ya ci, ta yi masa kwalliya, suka kwana. Daga baya ta tambaye shi hukuncin mutanen da aka ba su aron abu, masu shi suka zo karɓa, ko suna da ikon hanawa. Ya ce ba su da shi. Sannan ta sanar da shi. Ransa ya ɓaci don ba ta faɗa masa da wuri ba, ya kai maganar gaban Annabi (SAW), Annabi ya roƙa musu albarka a cikin wannan daren nasu.

Ɗan kasuwa ya fi kowa gane misalin nan nata. Wanda aka taɓa ba shi ajiyar buhu ya san ranar da mai kaya ya zo babu gardama. Amma kada wani ya ɗauki ƙissar ya je yana yi wa matar da ɗanta ya mutu gori don ta yi kuka. Hawaye ba laifi ba ne. Anas ɗin nan, ɗan Ummu Sulaim, shi ne ya ba da labarin yadda idanun Annabi suka zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da munanan maganganu. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne, ita ce uwar, ita ta yi jinyar, amma a wannan daren ta tsaya tana tunanin yadda labarin zai sauka a zuciyar mijinta.

Kada kuma a ɗauka mace ce mai laƙwas. Ranar Uhudu ita da Nana A'isha suna ɗauko salkunan ruwa a bayansu suna shayar da mayaƙa. Ranar Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, an gan ta da wuƙa a jikinta don kare kanta. Ita ce kuma ta yi wa Annabi tambayar da mata da yawa ke jin nauyi, a kan wanka idan mace ta yi mafarki, har yau da amsar ake aiki. Ɗan'uwanta Haram an kashe shi a Bi'iru Ma'una, Annabi ya riƙa zuwa gidanta saboda tausayin wannan rashi.

Daga cikin da ta samu a wancan dare aka haifi Abdullahi. Ta aiki Anas ya kai jaririn wurin Annabi tare da dabino, ya tauna ya sa masa a baki, ya raɗa masa suna. A Buhari an kawo shaidar wani mutumin Madina cewa ya ga 'ya'ya 9 daga wannan zuriya, dukkansu sun karanta Alƙur'ani. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ishaƙ ɗan Abdullahi ɗan Abu Ɗalha, wanda ya zama malamin Imamu Malik. Masu zama darasin Muwaɗɗa za su tuna yadda sunan nan yake yawan fitowa. Hadisin da ya nuna ragowar ruwan da kyanwa ta sha ba najasa ba ne, ta hanyarsa ya zo. Haka labarin gonar Bairuha'u da kakansa Abu Ɗalha ya bayar sadaka, da labarin 'yan gurasar sha'ir da kakarsa ta aika, mutum 70 ko 80 suka ci suka ƙoshi. Wato jikan ne yake karɓar labarin kakarsa daga bakin baffansa Anas, ya miƙa wa Malik, har ya iso zaurukan Kano da Sakkwato da wannan masallaci namu.

Iyalin nata ma ba su tsira daga zaman baƙunta ba. Anas a Basra ya zauna, can ya rasu, nesa da Madina. 'Yar'uwarta Ummu Haram ta bi mijinta Ubadatu ɗan Samit a yaƙin teku zamanin Sayyidina Usman, ta faɗo daga kan dabba ta rasu, aka binne ta a tsibirin Kubrus. Tarihinta za mu ɗauka Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da maganar ɗaukar gawa a mota zuwa arewa, wadda mutane da dama suka nemi a yi bayani a kanta.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu da suka riga mu, waɗanda ke raye kuma ya ƙara musu lafiya.